Aikin Legas da Ƙanwata Ta Ƙi

Ƙanwata ce kaɗai a gidanmu ta karanci lissafi, kuma ita ce ta fara samun aiki a Abuja, a wani kamfani mai juya kuɗin fansho. Kullum da sassafe take bin motar haya daga Suleja. Ni da nake koyarwa a firamaren unguwarmu har tausayinta nake ji.

Ba a ofis kaɗai ta koyi harkar hannun jari ba. Muna da maƙwabci, dattijo ɗan kudancin Kaduna, wanda ya yi ritaya daga banki. Ranar Lahadi in ya dawo daga coci, sai ta ɗauki kujera ta same shi a gindin mangwaronsa. Ba ya taɓa ce mata sayi wannan ko bar wancan. Tambaya yake yi.

"'Yata, kin faɗa min yadda za ki ci riba. To ta ina asara za ta shigo?"

In ta rasa amsa, sai ta koma bincike. Akwai lokacin da wani kamfanin siminti ya ɗauke mata hankali. Ta karanta rahotonsa bai ishe ta ba, ta ja ni kasuwa wajen dillalai, tana tambayarsu wane siminti magina suka fi nema, wane ne ke jinkirin isowa. Har Lambata muka je ta yi hira da direbobin tirela. Kunya ta kama ni, ita kuwa ko a jikinta.

Ana haka wani kamfani a Legas ya neme ta. Irin kamfanonin nan ne masu juya dukiyar manyan attajirai, waɗanda ke neman riba ko kasuwa ta tashi ko ta faɗi. Shigarsa da wuya, ta kuma ci duk jarrabawarsu. Ranar Asabar bayan azahar ta zauna yi wa Baba bayani.

"Baba, in mun hango kamfani zai durƙushe, sai mu ari hannun jarinsa mu sayar. In farashi ya faɗi mu saye shi da araha mu mayar wa mai shi."

Baba ya ajiye kofin kununsa. "Wato ki sayar da abin da ba naki ba?"

"Kusan haka ne."

"Ni ban san bokonku ba. Amma ki tambayi masu sani. Abin da kika yanke, ina bayanki."

Na zaci za ta yi fushi, ko ta rufe ido ta tafi. Sai ta bi maganar kamar yadda take bin kamfani. Ta je wajen malaman addini, ciki har da wanda ya san harkar kuɗi ta zamani, suka nuna mata akwai shubuha a irin wannan ciniki. Ta kira mutanen Legas ta tambaya ko za su bar ta a sashen bincike kawai. Suka ce a wajensu kowa na taɓa komai. Ta koma gun dattijon, ya ce mata aikin zai goge ta fiye da ko'ina, kada ta raina shi, sai dai ita ce za ta zauna da zuciyarta.

Ranar da ta ba mutanen Legas haƙuri ta ce ba za ta zo ba, a ɗakina ta yi kuka. "Yaya, wallahi ina son aikin nan," ta ce. Na riƙe hannunta.

Ta ci gaba da aikinta na Abuja. Daga baya kamfaninsu ya buɗe sashen zuba jari marar kuɗin ruwa, aka rasa wanda ya san harkar jari da ƙa'idojin addini kamarta, aka ba ta. Albashin bai kama ƙafar na Legas ba, ta sha faɗa min haka tana dariya. Bara ta sayi tsohuwar mota, kuma ni ta fara ɗauka, ta kai ni Izom gaishe da gwaggonmu.