Ɓauren Inna da Albasar Kawu

Shekarar da ruwan Kainji ya fara hawa aka tashe mu daga tsohon ƙauyenmu na bakin Kwara, aka kai mu sababbin gidajen siminti a tudu, kudu da Yelwa. Ina sabon ango a lokacin. Kowa ya cika kwalekwale da tukwane da taru da kaji, Inna mahaifiyata kuwa ta rungumo wani reshen ɓaure da ta sara a bayan ɗakinta, ta naɗe gindinsa da jiƙaƙƙen tsumma.

Kawu ne ya fara yi mata dariya. Taubashinta ne, kuma uban matata, saboda haka ni ko kallon idonsa ba na yi, amma su biyu ba sa haɗuwa ba su tsokani juna ba.

"Ke tsohuwa, can inda za mu an ce miki babu itacen wuta?" in ji shi.

"Kai dai ka riƙe bakinka, tarinka na nan tafe da damina," in ji Inna.

Aka ba mu gida jikin nasa, darni kawai ya raba mu. Inna ta dasa reshen, ya kama, cikin 'yan shekaru ya zama itace sosai. Mata suka riƙa zuwa neman saƙesaƙinsa don tari, ganyensa don masu jego, farin ruwansa kuma a shafa wa yara a makero. Ƙarƙashinsa kuwa fes, ko tsiron ciyawa babu. Ni na ɗauka inuwa ce kawai.

Kawu gwanin albasa ne tun muna tsohon gari, kuma ba ya bari a manta. A bayan gidansa yake yayyafa iri, in ya tasa ya kwashe ya kai bakin tafki ya dasa. Wata rana ya sa gatari ya datse babban reshen ɓauren da ya leƙa gidansa, ya zuba wa awakinsa, ko sallama bai yi ba. Na zaci Inna za ta tara masa jama'a. Sai ta leƙa ta kan darni ta ce, "Sannu da aiki. Allah shi sa awaki su yi ƙiba."

Da lokacin yafa iri ya zo, sai ga ta da kwando cike da busasshen ganyen ɓaure. Ta ce tunda ciyawar rufi ta yi wuya a tudun nan, ga wannan ya lulluɓe irinsa kada rana ta ƙone shi. Kawu ya dube ta ya dubi kwandon, don bai saba ganin alherinta haka siddan ba. Ya rufe rabin fangalin da ganyen, rabi da ciyawa. Inna kuma kullum in ta tace jiƙon maganinta na ɓaure, sai ta watsa sauran ruwan ta ƙasan darni zuwa gefen da aka rufe da ganye, wai tana taya shi ban ruwa.

Gefen ciyawa ya fito kore shar. Gefen ganye sai tsilli-tsilli, 'yan tsiron da suka leƙo ma sun yi rawaya sun tsaya cak. Ga shi wurin rana na dukansa sosai, balle a ce inuwa. Kawu ya kira ni, na tsuguna gefe kaina a ƙasa.

"Mi ka gani nan?"

"Ikon Allah, Kawu."

"Ba ikon Allah na tambaye ka ba. Iccen uwarka akwai mutanen ɓoye cikinai, kuma sun ji haushin reshen da na sara."

Washegari aka gan shi ya kai farin goro da ƙwaryar nono gindin itacen, yana waige-waige. Inna ta jira ya juya baya, ta dama fura da nonon, ta aika masa rabi ta hannun matata, ta ce a gaya masa mutanen ɓoye sun gode, amma nan gaba a ƙara da zuma.

Ya shigo gidanmu ba ko hula. Inna ta yi dariya har da hawaye, sannan ta ce masa tun tana yarinya ta san duk inda ganyen ɓaure ya ruɓe ko ruwansa ya jiƙa ƙasa, ƙaramin iri ba ya yin kirki. Shi ya sa take shuka yakuwarta can nesa. Sai ta ja shi bayan rumbu, ta nuna masa irin albasar da ta yafa a ɓoye, ya fi wanda ya rasa yawa. Sharaɗinta ɗaya ne: ya ɗauka da kansa a ka, ya bi ta tsakiyar gari zuwa tafki. Ya ɗauka, tana biye tana gaida duk wanda suka gamu da shi.

Kawu bai bar abin ya tafi a banza ba. Da damina ta kama ya share ganyen ɓauren kaf, ya baza a harabar masallaci inda ciyawa ta dami mutane, ciyawar ta ragu ƙwarai. Ranar Juma'a na ji shi yana faɗa wa dattawa cewa dabara ce da ya daɗe yana nazari a kanta. Da labari ya kai wa Inna, ta ajiye muciya, ta ɗauki mayafinta ta nufi ƙofar gidansa, matata na bin ta da gudu tana ba ta haƙuri.