Reshen da ban karya ba a Kyoto

Shekarun baya, lokacin ina tuƙi a wani gida a unguwar Ain Khaled, can ƙasar Larabawa, aikina ya koma kan mutum ɗaya: tsohon gidan, mahaifin kafil ɗina, wato ubangidan da ya ɗauko ni aiki. Ni ke kai shi masallaci, ni ke kai shi asibiti, ni ke tura kekensa na guragu. Ciwon suga ya cinye masa ido ɗaya, ɗayan kuma ba ya gani sai abin da aka matso masa da shi dab da hanci. Likita ya ce shi ma wannan ɗin ba zai kai ƙarshen shekara ba.

Bayan kwana biyu, sai tsohon ya ce a kai shi Japan. Wai yana saurayi akwai wata kalanda a shagon da ya yi aiki, mai hoton itatuwa sun yi fure a bakin rafi, kuma yana so ya gan su kafin idon ya rufe. 'Ya'yansa suka shirya tafiya, aka sa da ni saboda keken.

Ran Juma'a na je unguwar Mansura na ba abokina ɗan Zangon Kumasi labari. Ya yi dariya har da riƙe ciki. "Kai massa, mutane na zuwa Umra, kai za ka je kallon ganye? Khalas, shi ke nan, ka zama Bature!"

Mun sauka Kyoto sanyinsu na ƙarewa. Har yau idan na tuna garin sai in ji kamar mafarki na yi. Lunguna siraru, gidajen katako, rafi na gudu a hankali, ga mutane birjik amma ba ka jin hayaniya. Itatuwan kuwa sun lulluɓe sama kamar an shanya auduga. Abinci ne kawai muka yi ta fama. Rana ta farko aka kawo mana awara, ba a soya ba, tana iyo a ruwan zafi, ga tsinke biyu wai da su za a ci. Na zaro ƙullin yajina daga aljihu na barbaɗa a ɓoye. Tsohon ya shinshina ya ce, "Ido ne ba ni da shi, hancina lafiya lau. Zuba min."

Amma abin da ya kawo mu ya ƙi samuwa. Furen yana can sama, shi kuma ganinsa bai wuce tafin hannu ba. Kullum in tura shi ƙarƙashin itatuwa, ya ɗaga kai ya ce, "Me kake gani?" In ce, "Fari ne, Baba, fari fat." Sai ya gyaɗa kai kawai. Abin nan ya riƙa cin raina.

Ranar ƙarshe 'ya'yan suka tafi sayen tsaraba, muka rage mu biyu a wani lambu. Na hango reshe ya sunkuyo bayan wani ɗan shingen gora. Ni da na tashi ina karya darbejiya in yi asuwaki ban taɓa tambayar kowa ba, me zai hana ni? Na tsallake shingen, na kama reshen.

Sai ga wata tsohuwa mai sharar lambun ta yar da tsintsiya ta taho da gudu, ta gitta hannuwanta a ƙirji, fuskarta kamar ta ga zan yanka mutum. Daga baya na ji cewa a wurinsu karya reshen nan babban abin kunya ne. Ni dai a lokacin na saki, gumi ya karyo min cikin sanyi. Ba ni da yarenta, sai na nuna mata tsohon, na nuna idona.

Ta durƙusa ta dubi fuskarsa. Sannan ta kama keken da kanta, ta tura shi bakin rafi inda iska ke ratsowa, ta buɗe masa tafukansa a kan cinya, ta yi min alama mu jira.

Muka jira. Tsohon ya ƙosa ya ce, "Yalla, mu tafi, ba rabo." Ban motsa ba, karo na farko ke nan da na ƙi bin maganarsa.

Can sai iska ta taso. Furen ya fara zubowa a hankali, a kan ruwa, a kan hulata, a gemunsa, a farar jallabiyarsa. Ya lalubi ɗaya a tafinsa ya kai dab da ido. Ya daɗe yana dubawa, hawaye na bin gemun.

"Kwana huɗu kana min ƙarya," in ji shi. "Ba fari ba ne, ruwan hoda ne. Kuma akwai 'yar tsaga a bakinsa."

Na ɗauki ɗaya na duba. Wallahi haka ne.

Kafin mu fita muka zauna a wata 'yar rumfa, aka ba mu shayin da aka jiƙa furen a ciki, mai ɗan gishiri-gishiri. Ya shanye tas, ya ce yanzu ya gani kuma ya sha, a mai da shi gida.

Idon ya rufe kafin babbar sallah. Shekara biyu na ƙara ina tura kekensa, har Allah ya karɓi abinsa, Allah ya jiƙansa. Abin da ke damuna har yau shi ne, ni mai ido biyu na yi kwana huɗu a ƙarƙashin itatuwan nan ban taɓa tsayawa na dubi fure ɗaya ba. Shi kuwa sau ɗaya ya samu, kuma shi ya gaya min launinsa.