Na'Allah Mai Tanka da Abokinsa Filibus

Duk wanda ya zauna a Ƙofar Dundaye a shekarun mulkin soja ya san Na'Allah. Dogo ne, mai ɗan ranƙwafawa, kuma ba ya miƙa wa mutum hannu sai in mutumin ne ya fara miƙo nasa. Ni tela ne, a bencin ƙofar shagona yake hutawa da la'asar. Yawancin abin da zan faɗa daga bakinsa na ji, saura kuma da idona na gani.

Asalinsa manomi ne, mutumin Dundaye. Ya tashi yana noman gero da dawa tare da wansa Dodo a gonar da mahaifinsu ya bar musu. Da aka yi babban farin nan, damina ta ƙi, ta sake ƙi, rumbunsu ya zama wayam. Sai ya ɗauko matarsa Tani suka shigo birni, suka kama ɗaki a bayan shagona. Lokacin kuɗin mai ya fara malalowa cikin ƙasa. Ko'ina ka duba gini ake yi, manyan motoci na ta da ƙasa, ƙauyawa na ajiye fartanya suna bin aikin lebura.

Akwai wani kamfanin Turawa da ya samu kwangilar hanya, ya kafa sansani a gefen hanyar Wamakko. Injiniyoyinsa ba su gina gidaje ba. Da gidajensu suka zo, farare dogaye a kan tayoyi, irin waɗanda mota ke ja, mutane suna ce musu tafi-da-gidanka. A cikin kowanne akwai gado, da wurin girki, da makewayi. Ƙazantar makewayin kuwa a wani tanki take taruwa a ƙarƙashin gidan, dole sai an riƙa kwashewa.

Ran da Na'Allah ya je neman aiki, ya iske an gama ɗaukar leburori. Heluma, wato shugaban leburorin, ya dube shi ya ce, "Saura aiki guda, amma duk wanda na faɗa wa sai ya juya."

"Wane aiki na?"

Heluma ya nuna masa ƙarƙashin gidajen.

Na'Allah ya ce ya tuna da Tani da tukunyar da ba a ɗora ba tun jiya. Sai ya ce, "Aiki dai aiki na. Ku ba ni."

Aka ba shi takalman roba masu dogon wuya, da safar hannu, da wata mesa mai kauri kamar cinyar mutum. Aikinsa shi ne ya durƙusa ƙarƙashin kowane gida, ya ɗaura mesar a bakin tankin, ya ja wani ƙarfe, injin motar tanka ya zuƙe abin da ke ciki. Sannan ya ɗauraye tankin da ruwa, ya zuba masa magani mai shuɗi don kashe wari. In tanka ta cika, sai su tafi can cikin daji inda aka haƙa rami, su juye.

Direban tankar shi ne Filibus, Kirista, gajere kakkaura, mutumin duwatsun kudancin Zariya. A ranar farko Na'Allah bai ɗaura mesar da kyau ba. Yana jan ƙarfen ta kuɓuce, abin ya feso masa tun daga ƙirji har ƙafa. Leburorin da ke kusa suka ƙyalƙyale da dariya, wasu na toshe hanci suna gudu. Ya tsaya kamar an dasa shi, ya ce a ransa daga nan sai Dundaye, ko da yunwa za ta kashe shi.

Filibus ya kashe inji ya sauko. Bai yi dariya ba. Ya ja shi bayan mota, ya riƙa kwara masa ruwa da bokiti, ya miƙo masa sabulu, sannan ya ciro wata rigarsa daga ƙarƙashin kujera.

"Malam, sa wannan. Ni ma ran da na fara, a baki na sha. Zo in nuna maka yadda ake murɗa shi."

Da rana ta yi tsaka aka tashi cin abinci. Na'Allah ya nufi inuwar da leburori ke zaune, sai ya ga kowa na jan kwanonsa gefe. Ya koma gindin wata bedi shi kaɗai. Can sai ga Filibus da kwanon tuwo, ya zauna, ya buɗe, ya tura shi tsakiyarsu.

Na'Allah ya ce, "Direba, ka san abin da hannun ga ya taɓa."

"Ka wanke ko ba ka wanke ba?"

"Na wanke."

"To, sa hannu. Matata ba ta son a mayar mata da saura."

Daga ranar suka zama kamar 'yan ɗaki ɗaya. Na'Allah bai taɓa iya faɗin sunan daidai ba, Hilibus yake ce masa, shi kuwa Filibus yana kwaikwayon Sakkwatancinsa, ya ce "mi kaka so" yana dariya har da hawaye. In azahar ta same su a daji, Filibus zai tsayar da mota, ya ba shi ruwa mai tsabta daga jarkar da ya ware don alwalarsa kawai, ya zauna a kan taya yana jira. In suna dawowa tanka ba kaya, a sabuwar kwaltar da ba a buɗe ba tukuna, sai ya matsa ya ce Na'Allah ya karɓi sitiyari. A haka ya koyi tuƙi.

A hanya Filibus ba ya rabuwa da labarin garinsu. Ya ce can duwatsu ne masu ciyawa, ruwa na gangarowa daga kansu rani da damina, da safe gajimare yakan sauko har ƙofar ɗaki. Na'Allah, wanda bai taɓa wuce Wamakko ba, yakan ce, "Hilibus, ka rage ƙarya." Shi kuwa ya ce, "Wata rana da ƙafarka za ka taka."

Matansu ma suka saba. Laraba, matar Filibus, takan zo unguwarmu da 'yarta Monica a goye, ta wuni wajen Tani. Da Tani ta haifi 'yarsu Bara'atu, Laraba ce ta tare a ɗakin, tana dafa ruwan wanka tana dama kunu har aka yi suna. Ran sunan Filibus ya zo da tanka a wanke tas, ya ajiye ta can nesa don kada maƙwabta su yi magana, ya tako da ƙafa. Ni na ɗinka masa rigar da ya sa.

A unguwa kuwa ba kowa ya ɗauki abin da sauƙi ba. Akwai masu matsawa in ya shigo sahu a masallaci, ko da ya yi wanka ya sake tufafi, har sai da liman ya yi magana a kai. Na'Allah bai taɓa ɗaga murya ba. Ya dai daina fara miƙa hannu.

Haka suka yi shekaru har aikin hanya ya ƙare. Kamfani ya samu wata kwangilar can wajen Kwantagora. Filibus ya je ya roƙi manya, suka yarda a tafi da Na'Allah, har aka ce in ya samu lasin za a ba shi tasa motar. Ya zo shagona da murnarsa ya faɗa masa.

Na'Allah ya sunkuyar da kai. A lokacin mahaifiyarsa na kwance a Dundaye, ɓarin jikinta ya mutu. Ruwan sama ya dawo, Dodo kuma ya aiko cewa shi kaɗai ba zai iya gona da jinya ba.

"Ba ni iya tahiya, Hilibus. Inna ba ta da lahiya. In na tahi ta cika bayana, mi zan ce ma Allah?"

Filibus ya zauna kusa da shi a kan benci. Sannan ya ce, "Gaskiyarka. Uwa ba ta da canji. In na samu hutun Kirsimeti zan zo, mu ɗauki Tani da yarinya mu je ku ga garinmu."

Ran da za su tashi, da hantsi, Na'Allah ya je ya kwashe tankunan a karo na ƙarshe, ya ɗauraye su, ya naɗe mesa ya ɗaure a jikin mota. Aka jona gidajen a bayan manyan motoci suka yi jerin gwano. Laraba na gaban tanka da Monica a cinya, tana share hawaye da bakin zane. Filibus ya leƙo ta taga ya ce, "Sai na zo, ɗan'uwa." Na'Allah ya tsaya a filin har ƙarar motocin ta ɓace. Ya ce abin da ya rage a wurin sai sawun tayoyi da gwangwanaye.

Kirsimeti ta zo ta wuce, ba Filibus. Ta sake zagayowa, shiru. Mahaifiyar Na'Allah ta rasu. Ya koma yana noma da damina, da rani kuma ya shigo birni yana yasar salga a gidajen mutane, da bokiti da igiya da kalanzir, don ba wanda zai ba mai irin sunansa mota ya tuƙa. Amma duk ranar Juma'a bayan an sauko masallaci sai ya bi ta tashar manyan motoci, yana tambayar direbobin da suka zo daga kudu.

"Don Allah, ko kun san wani Hilibus, gajere, shina tuƙa tanka?"

Wani ya ce ya gan shi a Kwantagora. Wani ya ce a'a, ya koma Kaduna. Wani ma dariya kawai zai yi.

Da soja suka sake karɓar mulki, kuɗin mai ya ja baya, kwangiloli suka tsaya, sai muka ji kamfanoni na tattara kayansu. Na'Allah ya ce in bai je yanzu ba, ba zai ƙara samun sawunsu ba. Ya sayar da ɗan ragonsa ya hau mota zuwa Kwantagora, tafiyarsa ta farko mai nisa a duniya. Ya yi ta tambaya har aka kai shi sansanin. Ya iske gidajen nan a jere cikin ciyawa, tayoyi sun sace, tagogi a fashe, awaki na kwance a ƙarƙashinsu. Ya ce ya gane su ɗaya bayan ɗaya, har wanda bakin tankinsa ke da wuyar murɗawa. Tankar ma tana nan, an cire mata inji.

Wani tsohon maigadi mai suna Yari ya fito. Ya ce ya san Filibus sarai. Tun kafin Turawa su tafi aka rage ma'aikata, Filibus kuma ya bi wata motar mai zuwa Fatakwal neman aiki, matarsa ta koma garinsu da yara.

"Ina ne garin nasu?" in ji Yari. "In ka san sunan, ai sai ka bi matar."

Nan Na'Allah ya tsaya. Sau da yawa Filibus ya faɗa masa sunan, amma da yarensu ne, harshensa bai taɓa kama shi ba, kullum sai dai su yi dariya su wuce. Ya gwada faɗa, ya sake gwadawa, Yari na girgiza kai. Ya kwana a rumfar maigadin, da safe ya kamo hanyar Sakkwato. Da ya dawo ya zauna a bencina, abin da ya ce kawai shi ne, "Na san kalar duwatsunsu, ban san sunan garin ba."

Shekaru suka tura. Bara'atu ta girma ta yi aure, ƙarfinsa ya ragu, ya bar yasar salga. Wata rana wani malamin makaranta mai suna Irmiya ya kawo mini ɗinkin wando. Yana buɗe baki Na'Allah ya miƙe zaune, don irin Hausar Filibus ce sak. Ya tambaye shi daga ina, ya ce daga kudancin Zariya. Sai Na'Allah ya kwashe labari duka ya faɗa masa.

Irmiya ya ce, "Baba, a wajenmu Filibus sun fi a ƙirga. Amma akwai wani dattijo gajere a ƙauyen da ke kusa da namu, na ji an ce ya yi yawon duniya. Ban dai tabbata ba."

Ran da Irmiya zai tafi hutu, sai ga Na'Allah a tasha da ƙaramin buhun albasa a ka, daga fadamar Dodo. Ya ce a kai wa dattijon, a ce daga Na'Allah na Sakkwato.

"In kuma ba shi ba ne fa, Baba?"

"Ko ba shi na ba, ka ba shi."

Bayan hutu Irmiya ya dawo, ya same mu a shago. Tun daga yadda ya yi sallama na gane. Ya ce ya samu dattijon, kafinta ne, bai taɓa zuwa Sakkwato ba, bai ma iya tuƙi ba. Amma da dattijon ya ji labarin, sai ya shiga ɗaki ya fito da kwalbar zuma ya ce a kawo wa mai albasa, kuma zai sa a yi cigiya a coci-cocin da ke kewayensu.

Na'Allah ya karɓi kwalbar da hannu biyu. Ya buɗe, ya lakata da yatsa ya ɗanɗana, ya miƙo mini ni ma in taɓa. Sannan ya juya ya ce, "Malam Irmiya, yaushe za ka koma gida kuma?"

Irmiya ya ce sai an yi hutun ƙarshen shekara.

"To, Allah shi kai mu."

Bai kai ba. Cikin daminar nan zazzaɓi ya kwantar da shi a Dundaye, kwana kaɗan ya cika. Irmiya ya zo gaisuwa, ya zauna a tabarma tare da mu har la'asar. Cigiyar da aka yi a coci kuwa, har Irmiya ya bar Sakkwato ba wanda ya amsa ta.