Shekarar da Baba Ya Ba da Irin Doya

Har yau idan na ji wani ya ɗaga murya a tasha yana cewa duniya ta zo ƙarshe, sai raina ya ɓaci, in tuna kakata da murhunta a Bukan Sidi. Ba tsoro ke kama ni ba, haushi ne, kuma a wurinta na gaje shi.

A lokacin ina yarinya ƙarama. Shekarun nan ne da sabulu da madara suka ɓace a kasuwar Lafia, wanda ya buɗe rediyo kuma sai labarin tashin hankali. Mu manoman doya ne. Abin da ya tsaya tsakaninmu da yunwa shi ne irin doyar da Kaka ke ajiyewa a rumfa bayan ɗakinta, ƙananan nan da ake warewa lokacin girbi, a lulluɓe su da ciyawa har ruwan farko ya sauka. A gidanmu ba a taɓa iri, komai wuya. Na taɓa ganin ta bi akuya da muciya har bakin titi don kawai ta leƙa rumfar.

Da yamma bayan an ci tuwo takan tara mu a bakin murhu, ni da ƙanena Iliya da yaran maƙwabta, tana gasa mana gyaɗa a toka. Iliya ne ɗan lelenta. “Maigidana” take ce masa, kuma cinyarta wurinsa ce, ba mai isa ya hau. Hausa ba yarenta ba ce, ta fi sakewa da Migili, amma saboda yaran unguwa da Hausa take ba da labari, tana karya ta yadda ta ga dama. Takan fara da cewa, “Labari ya zo baƙunta, wa zai ba shi kujera?” Mu haɗa baki mu ce, “Ya zauna, Kaka!”

A ranin nan wani mutum ya sauka unguwarmu da farar riga da ƙararrawa a hannu. Ba mu damu da sunansa ba, Mai Ƙararrawa muke ce masa. Ya ce bana ruwan farko ba zai sauka ba, wuta ce za ta sauka. Ya ce duk wanda ya ajiye iri ya nuna bai yarda Yesu na dawowa ba, don haka a kawo masa irin, ya ciyar da masu addu'a da ya tara a daji. Fastonmu ya ja kunne, amma tsoro ya riga ya shiga. Babana Ayuba, wanda aka sallama daga aiki ba da daɗewa ba, ya shiga maganar da ƙafa biyu.

Yammar da Kaka ta ji Baba ya nemo amalanke, ta tara mu kamar kullum. Shi yana can gefe zaune a kan turmi. Ta ɗaga murya fiye da yadda ta saba.

Ta ce wani burgu ne ya gaji da satar doya ɗaya ɗaya. Sai ya shafa toka a jiki, ya shiga gari yana kuka, wai ya ji a ƙarƙashin ƙasa cewa sama za ta faɗo kafin damina. Mutane suka ruɗe. Ya ce su kawo irinsu raminsa ya raba wa marayu, ko Allah ya ji tausayinsu. Suka kwaso suka zuba masa. Ya shige rami ya toshe ƙofa, yana dariya har yana birgima. Abin da ya manta shi ne, iri ba ruwansa da wanda ya binne shi. Ruwa ya sauka, doya ta tsiro a ramin, ta yi ta girma, ta toshe wannan hanya, ta toshe waccan, ta matse shi da bango har haƙarƙarinsa ya fara ƙara.

Iliya ya zaro ido. “Kaka, ba wanda ya cece shi?”

“Babu, maigida. Sun ji kukansa sarai, suka ci gaba da noma.” Ta kwashe da dariya har tana tari.

Baba ya ce, “Mama, da ni kike?”

“Da burgu nake.”

“To in Yesu ya zo gobe fa?”

“Ya zo ya same ni ina shuka. Shi ya ba ni doyan nan, Ayuba. In yana son abinsa ya san hanyan gidana, ba sai ya aiko da ƙararrawa ba.”

Na ɗauka labarin ya yi aiki. Da gari ya waye, Baba ya yaye ciyawar rumfa ya loda irin kaf a amalanke. Kaka ta tsaya a ƙofar ɗakinta tana kallo, hannu a ƙugu.

Ruwa kuwa ya sauka a kan lokacinsa, mai kyau ma. Mai Ƙararrawa ya ɓace. Gonarmu ta zama ciyawa. Da rogon da wani maƙwabcinmu Musulmi, mutumin Adogi, yake ɗan kawo mana muka ja damina. Iliya ya rame har cinyar Kaka ta yi masa yawa. Da ƙyanda ta shigo unguwa ta kwantar da yara da dama, yawancinsu sun tashi, shi bai tashi ba.

Bayan an binne shi, Kaka ba ta daina tara mu ba, amma labari ɗaya ya rage mata. Kullum burgu. Yau tururuwa ta shiga masa kunne, gobe ruwa ya cika ramin a hankali ya kai masa wuya. Yaran maƙwabta suka daina zuwa. Ni kuwa ina nan, ina jin daɗin kowace azaba, har nakan ce ta ƙara. Tana gamawa sai ta durƙusa ta yi addu'a da Migili, ta daɗe.

Ana cikin haka wata mai sayar da gawayi ta kawo labari: ta ga Mai Ƙararrawa can bayan Agyaragu, da gonar doya shar, iya ganinka. Mutumin da ya ce wuta za ta sauka ashe kunyoyin doya ya je ya tayar, ya shuka irinmu. Baba ya ɗauko adda yana wasawa, hawaye na zuba. Ya ce zai sare gonar, ya haɗa da mai ita.

Kaka ta taka addar da ƙafa. “Ajiye. Doya ba shi da laifi, namu ne. Na riga na binne maigidana, ba zan kai maka tuwo gidan yari ba. Allah ya ba shi ruwa, bari ya nuna.”

Watannin nan sun yi mini tsawo. Ita kuwa ko a jikinta, tana zuwa coci, tana share rumfar da ba komai a ciki.

Da ganyen doya ya fara bushewa, ta bi gida gida ta tara matan da aka kwashe wa iri. Ta ce ba namiji, don kada a zubar da jini. Muka shiga motar kasuwa da daro da fartanya. Muna isa suka ja waƙar coci, suka hau tono. Mutumin ya fito a guje, ba riga ba ƙararrawa, yana ihun ɓarayi. Mutanen ƙauyen suka taru, da suka ji yadda aka yi sai suka koma gindin bishiya suna kallo. Ya zube gaban Kaka yana roƙon ta bar masa ko kunya ɗaya, yana da iyali.

Ta dube shi sama da ƙasa ta ce, “Duniya zai ƙare, ɗana. Me za ka yi da doya?”

Ko ɗaya ba mu bar masa ba.

Na girma, na ga wasu shekarun masu wuya, na ji wasu masu wa'azin suna sa wa duniya rana. Sai daga baya na gane cewa dogarar Kaka ga Allah ba ta sanyin hali ba ce. Zuciyarta na tafasa, amma ta iya jira, domin ta tabbata Mai duniya bai bar ragamarta a hannun maƙaryaci ba. Abin da ya daɗe yana damuna shi ne gafarar da ake koya mana a coci, don ni kam na kasa. Da ta tsufa tukuf, ina shafa mata man kaɗanya a ƙafa, na tambaye ta ko ta yafe wa mutumin nan.

Ta miƙo mini ɗayar ƙafar ta ce, “Na bar shi da Allah tuntuni. Amma na gaya wa Allah ƙauyen da yake zaune.”