Kokon Mma a Injin Bincike

Mahaifiyarmu, wadda duk lungu ke kira Mma, ta tsufa tana sayar da koko da ƙosai a bakin hanyar gidanmu a Akwatia Line, cikin Kumasi. Da Allah ya yi mata rasuwa, yayata ce ta gaji tukunya da ludayi. Ni malamar makaranta ce, ban iya dama koko kamar su ba, amma a gidanmu duk abin da ya shafi rubutu ni ake nema.

Mijin yayata yana da shagon gyaran waya a Oforikrom. Ya yi wani kwas ta intanet a kan yadda ake sa shafi ya fito a sama idan mutane sun nemi abu a injin bincike, tun daga nan kuma ba a hutawa da shi. Shi ya kawo shawarar a buɗe wa kokon shafi, ma'aikatan ofis su riƙa yin oda ana kai musu a babur. Shawara ce mai kyau, ban musa ba. Ya ce in rubuta ɗan tarihin Mma da Turanci a sa a gaba.

Na rubuta da zuciya ɗaya. Na faɗi yadda take jiƙa gero, da yadda ba ta yarda kowa ya auna mata citta da kanumfari. Na faɗi yadda take ciniki da Asantawa da yarensu na Twi, in sun ɓata mata rai ta juya Hausa ta wanke su tas, su tafi suna dariya gobe su dawo. Na rufe da cewa ta rasu ranar Juma'a, bayan ta wanke tukwanenta. Ina rubuta wannan layin ina share hawaye.

Ina cikin trotro, motar haya, zan koma gida daga makaranta, mijin yayata ya turo mini shafin. Na buɗe, na fara karantawa. Duk inda na ajiye numfashi ya cusa kalmomi uku: Hausa koko Kumasi. A kusan kowace jimla suna nan, wani wurin ma sau biyu. Layin ƙarshe kuwa, in na mayar da shi Hausa, ga abin da ya zama: "Mahaifiyarmu mai Hausa koko Kumasi ta rasu ranar Juma'a, amma Hausa koko Kumasi bai rasu ba, yi odar Hausa koko Kumasi yau." A ƙasa kuma ga sunana, wai ni na rubuta.

Ban wuce gida ba. Na sauka na canja mota zuwa Oforikrom. Na same shi ya duƙufa a kan wata waya da ya buɗe wa ciki.

"Alhaji, mene ne wannan ka yi wa rubutuna?"

Ko ɗago kai bai yi sosai ba. "Malama, zauna mana. Gyara na yi. Injin nan ƙirga kalma yake yi. Yana duba sau nawa abin da ake nema ya fito a cikin dukan kalmomin shafi. Naki sau ɗaya kika ambaci koko da Kumasi tare. Wa zai gan mu?"

"To sai ka tallata koko a kan gawar uwata?"

"Subhanallahi! Wace irin magana ce wannan? Ai ba mutane na rubuta wa ba, injin na rubuta wa."

Wannan amsar ce ta fi ƙona mini rai. Na ce masa injin ba shi da uwa, ni ina da ita, kuma mutane ne za su karanta, mutanen da suka yi mata salla. Ya yi murmushin nan na wanda ya san abin da ba ka sani ba, ya ce in bar harkar ga masu ita. Na fita ban yi masa sallama ba.

Yayata ba ta karanta Turanci sosai. Abin da mijinta ya gaya mata shi ne ya ɗan ƙara wa rubutun gishiri. Na same ta a tsakar gida tana tace gasara, na fara zuba mata ƙorafi, ta katse ni.

"Ke dai kin cika son rubutunki. Mma da kanta ba ta taɓa ƙin ciniki ba. In abin zai kawo masu saye, mene ne na tashin hankali?"

Sai na ja kujera na zauna, na fassara mata shafin layi bayan layi, ban rage ba ban ƙara ba. Da farko tana dariya. Da na kai layin rasuwar, hannunta ya tsaya a cikin ƙwarya.

"Sake karanta wurin nan."

Na sake. Ta ɗauraye hannu, ta goge a zane, ta ɗauki waya ta shiga ɗaki. Ban ji duk abin da ta ce masa ba, amma na ji ta ce, "Uwata ce, ba allon talla ba."

Na zaci zai mayar da rubutun yadda yake. Ina! Fushi ya yi, ya goge tarihin gaba ɗaya, har da hoton Mma. Ya bar hoton kofin koko da lambar waya, da kalmominsa uku jere a ƙasa kamar tasbaha. Na roƙi yayata ta sa ya mayar, ta ce ta gaji, ba za ta kashe aurenta a kan shafi ba. Ban ga laifinta ba, amma na yi kwanaki ba na cin abinci da daɗi.

Daga baya wata abokiyar aikina da ke koyar da kwamfuta ta gaya mini cewa injunan sun daɗe da gane wannan dabarar, shafin da aka cika da maimaici ma baya suke tura shi. Wato ko don ciniki, a banza ya yi abin da ya yi. Na zaci jin haka zai sanyaya mini zuciya, sai ma ya ƙara hura ta.

Kwanan baya a wajen wani suna a Alabar, na ji shi a cikin maza yana ba da labari cewa da tuni kokon matarsa ne a sama in an yi bincike, ƙanwarta ce ta ɓata masa aiki da son zuciya. Na ajiye farantin da ke hannuna na miƙe. Yayata ta riƙo gefen mayafina ta ce, "Don Allah, ba a nan ba." Na koma na zauna kusa da ita har aka watse.