Dangwalen da Na Hana a Ƙaura

Ni ce Kulu unguwarzoma, rabin mutanen Birnin Tsaba ni na yanke musu cibi. Ban san baƙi ba, maƙwabciyata Malama Asabe ke rubutawa, kuma na ce kada ta gyara mini baki. Tafiyar nan mun yi ta shekarar da anka ƙaddamar da shari'a, bayan yankan gero.

Talata: Birnin Tsaba zuwa Ƙaura

Ana sallame sallar asuba munka fita, ni da ɗana Bawa da matarsa Shatu. Jikata Luba mun bar ta gida tana jinya. Shekarunta goma sha biyu, kowace damina ciwon ƙashi sai ya kwantar da ita. Makon da ya gabata na kai ta asibiti a Ƙaura, anka miƙo takarda na dangwala, anka ɗebi jininta. Sunka ce sikila ce, a zo da uwa da uba a duba nasu.

A-kori-kura ta sauke mu Zurmi bakwai saura kwata a agogon Bawa. Nan a motar Ƙaura munka iske sabon tsari: maza gaba, mata baya. Kafin Ƙaura 'yan agaji sunka tsai da mu, ɗaya ya leƙo ya ce, "Hajiya, ina muharraminki?"

Na ce, "Ga ƙeyarsa can gaba. In kana musu, zo in nuna maka inda na yi masa sakiya."

Direba ya yi dariya har mota ta mutu.

Tara da rabi muna gaban mai gwajin jini, wani dogon mutum mai haƙuri. Ya ajiye takarda da tawada gaban Shatu. Ni kuwa tun wancan zuwa abin ke cina, don shekara arba'in ina ganin jinin haihuwa, ban taɓa ganin ya yi magana ba.

Na ce, "Malam, mi kake gani cikin jini wanda ni ban gani ba?"

Ya ce, "Gado, Inna. Ciwon nan sai uwa ta ba da rabi, uba ya ba da rabi. In ɗaya ba ya da shi, ɗa ba ya kamuwa."

"Na'urar taka tana ganin nono? Wadda ta shayar, tana fitowa?"

"A'a, haihuwa kaɗai take gani."

"To in anka duba anka iske uba ba ya da ko rabin?"

Ya ce, "Sai takarda ta nuna ba shi ya haifa ba."

Shatu ta riga ta tsoma yatsa a tawada. Na riƙe hannunta.

Ga abin da mai gwaji bai sani ba. Luba ɗiyar ɗiyata Hassi ce, wadda ta rasu wurin haihuwarta a Galadi. A makon da Hassi ta rasu Shatu ta rasa nata jaririn, suna zaune Shinkafi lokacin. Uban yarinyar, Dikko makiyayi, ya miƙa mata ita, ya ce sharaɗinsa ɗaya: kada ta tashi da sunan marainiya, kada a faɗa mata sai da izininsa. Sunka dawo gida da goyo, gari ya ɗauka ta Shatu ce. Yanzu in takarda ta ce Bawa ba uba ba ne, a shekarar da ko'ina zancen kai mata gaban alƙali ake yi, da wane suna za a kira Shatu?

Na ce, "Wa ke karanta takardar?"

"Ni da likita da mai ajiye takardu. Amana ce, ba ta fita. Kuma ba dole ba ne, Inna, in ba ku yarda ba sai a bari."

"Na yarda da kai, amma akwai wanda ba a tambaya ba. Ajiye tawadarka."

Shatu ta koma gida wurin Luba da shuɗin yatsa. Ni da Bawa munka sauka gidan ƙanwar mijina kusa da tashar jirgin ƙasa, don gobe mu nemi Dikko a Galadi. Na je na ga inda dogo ya ƙare: ƙarfe biyu ne sunka zo tun daga kudu sunka tsaya cikin ciyawa, ba ko sallama.

Laraba: Shinkafi da Galadi

Motar ƙarfe takwas ba ta cika ba sai goma. Mun isa Shinkafi gab da azahar, munka ci hoce da ƙuli. Galadi sai kabu-kabu, shi ko mai babur ya ce an hana ɗaukar mata.

Na ce, "Ɗana, dube ni da kyau. In shaiɗan ya raya maka wani abu game da ni, ba shari'a kake bukata ba, magani."

Ya ce, "Hau, Kaka, amma a sa ƙullin kayanki tsakani."

La'asar munka iske Dikko yana ɗaure maruƙa. Ya durƙusa nesa da ni yadda suruki ke yi, matarsa ta yanzu ta kawo fura da nonon da ban sha irinsa ba tun rasuwar Hassi. Na ɗauko ƙwarya biyu na kwatanta masa ciwon Luba: rabi daga nan, rabi daga nan.

Ya ce, "Ke nan ni ma na zuba nawa?"

"Awo, ka zuba. Kuma ba laifinka ba ne, kai ma zuba maka anka yi."

Ya ajiye igiyar maruƙan. Sannan ya ce 'ya'ya biyu ya binne a wannan auren, duka hannuwansu sun kumbura kafin yaye, har an fara zargin wata tsohuwa da maita. Ya ce, "Ku faɗa wa likita gaskiya, a wanke Shatu. Ku faɗa wa yarinyar. Nawa jinin kuwa, sai na yi shawara da uwar gidan nan, don abin da za a gani ya shafe ta."

Alhamis: komawa

Mun biyo motar 'yan kasuwa zuwa Shinkafi da hantsi, ni da awaki huɗu a baya. A Ƙaura na faɗa wa likita komai, ya ce ba sai an taɓa jinin Bawa da Shatu ba. Muna shiga Birnin Tsaba ana kiran magariba.

Da safe na zaunar da Luba, Shatu na riƙe da ƙafarta, na faɗa mata sunan uwarta da na ubanta. Ta yi kuka, ta ce ita dai Shatu ce innarta. Da ta natsu sai na shiga ba ta labarin hanya, ina yabon kaina yadda na hana a taɓa jinin kowa sai da yardarsa.

Ta ce, "Kaka, kin je har Galadi tambayar mutum. Ni da anka ɗebi nawa, ina zaune kusa da ke, wa ya tambaye ni?"

Ni da ba a taɓa ƙure ni da magana ba, yau yarinya ta ƙure ni. Yatsana ne a waccan takardar ta ɗibar jininta.

Na gode wa Allah da Ya kai mu Ya dawo da mu lafiya, na gode wa mai gwaji da bai gaji da tsohuwa ba. Wata mai zuwa za a sake duba Luba. Na ce mata ita za ta yi tambayoyin, ni rakiya ce tawa.