Idon Mai Walda

A garejin da na yi aiki a Ras Al Khor, can ƙasar Larabawa, akwai wani mai walda, mutumin Maraɗi. Ya girme ni nesa ba kusa ba, Baba nake ce masa. Shi ke haɗa kejin ƙarfe a cikin motocin tsere, wanda ke kare direba in mota ta kife. Ba shi da hira sai ta tseren Amurka, inda motoci masu kama da na gida ke zagaye fili a cunkushe.

In mun ci abincin rana, sai ya miƙo min wayarsa. "Ɗana, kunna mana bidiyon tseren da." Na ɗauka ganda ce, sai da na ga yana laluben guduma a kan tebur kafin ya ɗauka. Wutar walda ta ci idonsa, kuma ba wanda ya sani.

Na riƙa kunnawa ina faɗa masa abin da nake gani. Tsofaffin motoci na gudu a yashin bakin teku. Ya ce direbobin farko masu fasa-ƙwaurin giya ne, gudun 'yan sanda ya koya musu tuƙi. Akwai ranar da direbobi biyu na gaba suka yi karo a zagayen ƙarshe, aka fito ana dambe, na uku ya wuce ya ci. Wannan kan sa shi dariya har da tari.

Ɗaya ne ba ya yi wa dariya: wani gwarzo mai baƙar mota da ya daki katanga a kwanar ƙarshe.

"Baba, ai karon bai yi muni ba," na ce.

"Haka kowa ya ce. Amma ka ga, a nan ya mutu. Wuyansa ne. Ƙarfe ba ya faɗa maka ranar da zai ci amanarka."

Wata ranar Laraba ya gama kejin motar wani Balarabe da zai shiga tsere ƙarshen mako. Ina ɗaura kujera na dafa sandar da ke bayan kan direba, na ji ta motsa. Na ɗan buga mata guduma, mahaɗin ya rabu. Waldar ta bi gefe, ba ta kama ba.

Kwana biyu na yi da maganar a cikina. Na san 'ya'yansa mata huɗu na makaranta da wannan aikin. Ranar Juma'a bayan masallaci na shiga ofis na gaya wa maigidan garejin. Aka kai Baba gwajin ido, aka ce khalas, idon ya gama aiki. Aka soke bizarsa.

Ranar da zai tafi na same shi a ɗakinsa a unguwar Deira yana ɗaure jaka.

"Kai ne ka faɗa?"

"Ni ne, Baba. Ka yafe min."

Ya ƙarasa ɗaure jakar. Sannan ya ce, "Da ka fara zuwa wurina."

Na miƙa hannu zan ɗauki jakar, ya hana. Ya sauka matakala shi kaɗai yana dafa bango, ina biye da shi har bakin tasi.

Bayan shekara guda babbar 'yarsa ta aiko min da saƙo cewa ya makance gaba ɗaya, ƙannenta biyu sun bar makaranta. Na kira sau uku. Kowane lokaci sai ta ce yana barci.